INDIYA A JEGA, ALIERO DA MAIYAMA: Mai Kayan Ya Zo Da Kansa, 'Yan Fim Sai Ku Sake Shiri

Daga wakilinmu da ya zagaya Jihar Kebbi

Idan kana son sanin halin da fim ɗin Hausa yake ciki a yau, kada ka tsaya a ofisoshin furodusoshi da ke Titin Gidan Zu a Kano. A can kowa ce maka zai yi komai lafiya lau, sabon aiki na nan tafe. Hau mota ka zo Jega, ka nemi shagon masu tura finafinai a waya, ka ja benci ka zauna na awa ɗaya kacal, ka kasa kunne ka ji abin da jama'a suke tambaya. Abin da na yi ke nan, kuma wallahi jikina ya yi sanyi.

Jega gari ne na kasuwa, a nan hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri suka haɗu, don haka shagon bai rabuwa da baƙi. Ga ɗan kabu-kabu, ga yaron mota, ga yarinyar da aka aiko daga gida da wayar uwarta a ƙulle cikin leda. Akasarinsu magana ɗaya ce: "A sa mini Indiya-Hausa sabo." Can ba a rasa ba sai wani ya tambayi ci gaban Labarina ko Izzar So. Fim ɗin Hausa mai kashi ɗaya da na biyu, irin wanda muka taso muna rububin kasetinsa, ban ji wanda ya ambace shi ba har na tashi.

Na tambayi mai shagon, wani matashi sa'ana, ko me ya sa haka. Ya yi dariya ya ce, "Aboki, da can mutane suna kallon Indiya ba su jin abin da aka cewa. Yanzu Indiya ta koyi Hausa. To mi za su yi da kwafi, ga mai kayan ya zo da kansa?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Tun a shekarun 2010 kamfanonin fassara na Kano, irin su Algaita, suka fara ɗora muryoyin Hausa a kan finafinan Indiya, kuma ba su tsaya kan na Mumbai da muka saba da su ba. Sun fi ɗauko na kudancin ƙasar, na yarukan Telugu da Tamil da Kannada, masu faɗa da jarumta. Shi ya sa yaron Jega na yau ya fi sanin Allu Arjun da Prabhas da Vijay a kan Rajesh Khanna. Baahubali na 2015 da ci gabansa na 2017, da KGF na 2018, da Pushpa na 2021, duk an kalle su a nan da bakin Hausa, har da habaici da baƙar magana irin ta 'yan tasha. Tsohuwar da a da take cewa ba ta kallon abin da ba ta jin yarensa, yau ita ce ke korar jikoki daga gaban waya.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan soyayya ba yau ta fara ba. Tun a shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa, suka ga sun fi na Turawa karɓuwa. Wani Bature masani, Brian Larkin, ya zauna a Kano ya yi nazari a kan lamarin, ya fitar da maƙalarsa a 1997, haka nan Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kai. Iyayenmu har sunaye suka raɗa wa jaruman: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, shi kuwa Rishi Kapoor, bawan Allah, Mace suka sa masa. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama daga Turmin Danya a 1990, musamman bayan Sangaya ya yi tashe, sai rawa da waƙa suka zama gishirin miya. Daga nan aka shiga wankiya gadan-gadan, a ɗauko fim ɗin Indiya sukutum a sauya masa riga, kamar yadda aka yi wa Taal aka fito da Khusufi. Malamai suka yi ca, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka yi dambarwar da kowa ya sani. Zargin dai guda ne: 'yan fim sun ɗauko al'adar Indiya suna kashe tamu.

To amma yaushe Indiyar ta iso ƙasar nan? Amsar da na samo a Maiyama ta ba ni dariya, ta kuma ba ni kunya.

ƘARƘASHIN ITACEN MAIYAMA

Maiyama tana kudu da Jega, a kan hanyar da ta nufi Koko da Yawuri. Na isa da rana tsaka, a bayan Boksa, wato babur ɗin kamfanin Bajaj na birnin Pune a Indiya, wanda kusan duk ɗan kabu-kabun yankin shi yake hawa. Zafi ya kore ni zuwa wata majalisar dattawa a gindin wani ƙaton dogon yaro. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da ke tafe da ni. Da jin kalmar fim sai wani dattijo mai farin gemu ya gyara zama.

"Ɗana, ku ne kunka lalata muna ɗiya," in ji shi. "Mu da munka tashi ba mu san wagga Indiya ba. Abinmu munka sani."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Amma wannan itacen da muke ƙarƙashinsa fa, na ina ne?"

Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce iccen nan tun yana yaro ya gan shi, na nan ne mana. Da na ce masa daga Indiya aka kawo shi, sai majalisa ta kaure da musu, wani ma ya ce ƙaryar 'yan boko ce.

Ba ƙarya ba ce. Dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, wasu wuraren kuma maina ko bedi, asalinsa ɗan ƙasar Indiya ne da Bama, can ana kiransa nim. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi Afirka ta Yamma. Ya fara sauka a ƙasar Gana zamanin Gwamna Guggisberg, sannan a 1928 aka dasa shi a lardin Barno, daga nan ya bazu har ƙasar Sakkwato da Gwandu, saboda yana jure fari, yana saurin girma, kuma ganyensa kore shar ko a tsakiyar bazara. Ke nan ko shekara 100 bai cika ba a Nijeriya. Amma je ka ce za ka sare na ƙofar gidan wani a Maiyama ka ga yadda za ku kwashe.

Duk abin da Ba'indiye yake yi da itacen nan, Bahaushe ya koya ko ya gano da kansa. Ana asuwaki da reshensa a can, ana yi a nan. Ana zuba busasshen ganyensa cikin hatsi don korar ƙwari a can, manoman nan ma suna sa shi a buhun wake. Ana dafa ganyen a yi sirace idan zazzaɓi ya kama mutum. Masana sun bi diddigin abin: a 1959 wani Bajamushe mai nazarin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fari sun cinye duk wani kore sun bar dogon yaro, a 1968 kuma aka ware sinadarin da ke cikin ƙwallonsa, azadiraktin, wanda ke hana ƙwaro cin abinci da girma. Har shari'a aka yi a kansa. Wani kamfanin Amurka, W.R. Grace, tare da ma'aikatar gona ta ƙasar, sun sami takardar mallakar fasahar wani maganin feshi na dogon yaro a Turai, Indiyawa suka ce wannan ilimin kakanninsu ne, aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Tun 2015 kuma gwamnatin Indiya ta wajabta a riƙa shafe takin yuriya da man dogon yaro don ya daɗe a ƙasa yana aiki. Sai dai a yi hattara, man nan guba ne ga jarirai, kuma sirace ba ya maye gurbin gwajin jini da maganin asibiti idan zazzaɓin cizon sauro ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan. A Indiya itacen yana da matsayi a addininsu. Mabiya Hindu suna rataya ganyensa a ƙofa don wata abar bautarsu da suke dangantawa da cutar agana, a kudancin ƙasar kuma ana cin furensa mai ɗaci haɗe da mazarƙwaila ranar sabuwar shekararsu ta Ugadi, wai don a tuna rayuwa zuma ce da maɗaci. Bahaushe ya karɓi itacen, ya bar musu bautar, ya raɗa masa suna nasa. Wani Alhaji a majalisar ma ya tuna mana cewa itatuwan da alhazai ke fakewa a inuwarsu a filin Arfa dogon yaro ne. Da jin haka sai Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, icce dai ba ya rawa da waƙa." Aka fashe da dariya, ni ma na yarda ya ci wannan zagayen. Ban ma tsaya gaya masa cewa mangwaron da ake sayarwa a gefenmu shi ma daga can asalinsa yake ba.

ALBASA, BASHI DA WAƘA

Aliero kuwa, a kan hanyar Sakkwato, abu biyu aka san ta da su tun kafin a kafa jami'ar kimiyya da fasaha a garin a 2006: albasa da ɗori. A wata rumfar 'yan albasa na tayar da zancen Mother India, fim ɗin Mehboob Khan na 1957, wanda Nargis ta fito a matsayin Radha. Duk wanda ya haura shekara 40 a wurin ya san shi, wasu sun kalla ba adadi. Abin mamaki, ba waƙoƙin suka fara tunawa ba. Sukhilala suka tuna, mai ba da bashin nan da ya ranta wa surukar Radha rufi 500 don hidimar biki, ya dawo yana kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu shekara da shekaru. Wani manomi ya ce mini duk wanda ya taɓa cin bashin taki da mai don noman rani, ya zo girbi farashi ya faɗi, ko albasa ta ruɓe masa a rumbu, ba ya bukatar a fassara masa fim ɗin nan. Su ma Indiyawan albasa ba wasa ba ce a wurinsu. Suna cikin manyan masu nomanta a duniya, babbar kasuwarta tana Lasalgaon a jihar Maharashtra, kuma a 1998 tsadarta na cikin abin da ya kayar da gwamnatin jam'iyyar BJP a Delhi.

Na tambayi kaina, a cikin dubban finafinan da muka yi, guda nawa ne suka ba da labarin manomin albasa da mai ba shi bashi? Mun ɗauko gudu a cikin fulawoyi, mun bar gonar.

A Aliero ɗin ne kuma na zauna da wani malamin makaranta mai sha'awar adabi, wanda ya buɗe mini ido kan dalilin da ya sa waƙar Indiya ke shiga kunnen Bahaushe. Ya ce in lura da kalmomin: duniya, kitab, khabar, adalat, hukum, niyat, dua, shaitan, jannat, muhabbat. Duk Larabci ne da ya shiga yaren Urdu, kamar yadda ya shigo Hausa ya zama duniya, labari, adalci, hukunci, niyya, addu'a, shaiɗan, aljanna. Manyan marubuta waƙoƙin finafinan da, irin su Shakeel Badayuni wanda ya rubuta na Mother India, da Sahir Ludhianvi, sha'irai ne na Urdu, kuma tsarin gazal da ƙasida da suka gada daga Larabawa da Farisawa ya fito. Mu ma nan ƙasar Gwandu, inda Jega da Aliero da Maiyama suke, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, wanda ya yi ƙasidu da Larabci, rubutacciyar waƙar Hausa kuma a kan wannan ma'auni da amsa-amo ta ginu. Ashe dangi ne suka haɗu a silima ba su san juna ba.

Wannan ne ya sa abin bai tsaya a soyayya ba. A Kano an yi ƙungiyoyin masu bege da bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar karin waƙar Mohammed Rafi ko Lata Mangeshkar su zuba yabon Annabi (SAW) a kai. Wasu malamai sun ce an musuluntar da karin, wasu suka ce a'a, mai sauraro zai riƙa tuno rawar da ya gani a fim ne. Har yau ba a rufe wannan muhawara ba. Can Indiya da Pakistan ma suna da irin nasu, ƙawwali, kuma Shehu Abdulƙadir Jilani da 'yan Ƙadiriyyar nan ke ambato, su ma suna girmama shi matuƙa.

Sai malamin ya jawo wani tsohon littafi daga jakarsa, bangonsa duk ya yage. Magana Jari Ce. Ya ce, "Ƙanena, kai da ke rubutu kan wankiya, ka san wannan akun daga ina ya taso?"

Akwai wani daɗaɗɗen littafin Indiya da harshen Sanskirit, Shuka Saptati, wato labarai 70 na aku. Wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa, kullum dare in ta yi shirin fita wurin wani namiji sai aku ya tsare ta da labari har gari ya waye. An mayar da shi Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. Da Alhaji Abubakar Imam ya zauna a Zariya yana rubuta littafinsa da ya fara fitowa a 1937, ya ɗauki wannan dabara ta aku mai tsare mutum da labari, amma dubi abin da ya yi da ita. Ya cire matar da kwartonta. Ya kawo Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da mugun Waziri, aku ya koma yana hana ɗan sarki fita don kada ya faɗa tarkon maƙiya. Ya zuba fada da dogarai da karin magana, har ba wanda zai karanta ya ji ƙanshin wata ƙasa. Haka Kalila wa Dimna da malamanmu na zaure suka sani, asalinsa Panchatantra ne na Indiya, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. Ba wanda ya taɓa cewa Imam ya kashe al'adar Hausa. A makaranta ma ake koyar da shi.

INDA AKE JAN BIRKI

Kada a ce na wanke Indiya tas. Akwai inda masu kukan suke da gaskiya. Fim ɗin da aka fassara yana zuwa da komai nasa: zagaya wuta sau bakwai a wurin ɗaurin aure, jan gari a tsagar gashin amarya, ƙona gawa, da tsayuwa gaban gunki ana roƙo. A da yaro yana ganin wannan a matsayin abin wasu mutane can masu wani yare. Yanzu da Hausa yake jin roƙon, a wayar da ke hannunsa, ba babba a kusa. Wata uwa a Jega ta ce mini ita ba ta hana kallo, amma takan zauna tare da yaran, in an zo wurin ta ce musu wannan addininsu ne, ba namu ba. Bikin aure ma ya ɗauki nasa rabon. Lalle dai namu ne tun kaka da kakanni, amma zanen fulawa har gwiwar hannu da ranar da ƙawayen amarya ke naɗa sari, wannan kowa ya san daga inda aka gano shi.

Finafinan macizai kuwa, irin Nagin na 1976 da Nagina na 1986 inda Sridevi ke rikiɗa Amrish Puri na bin ta da busa, sun sami gindin zama ne don mu ma muna da tatsuniyoyin rikiɗa, da macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, da gardawa masu wasa da maciji a kasuwa. Amma a gaya wa yara gaskiya: maciji ba shi da kunne a waje, motsin abin busar yake bi, kuma madarar da ake ba shi a bikin Nag Panchami ba abincinsa ba ce. Kububuwar da ke gonakin nan ba ta san busa ba, wanda ta sara a garzaya da shi asibiti.

Ni dai a nawa ganin, laifin da 'yan fim ɗinmu suka yi ba aron ba ne, kasala ce. Imam ya ari aku ya koya masa Hausa har ya zama Waziri. Mu kuwa mun ari fim mun sauya wa jarumi hula kurum, shi ya sa ranar da na ainihin ya buɗe baki da Hausa, da kuɗinsa da jiragensa da dubban sojojinsa, namu ya rasa abin da zai nuna. Waɗanda suka tsira su ne masu dogon zango irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, waɗanda suka koma kan rigimar gidajenmu da siyasarmu, abin da ba wani ɗan Hyderabad da zai iya yi mana. Hulɗar ma ba sai ta kwafi ba, ga Rahama Sadau ta je can ta fito a Khuda Haafiz kashi na biyu a 2022. Shi kuma Ali Nuhu, wanda aka fi jifa da zargin indiyanci a farkon shekarun 2000, an naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024. Masu kallo a Kebbi suna jiran su ga ko za a tuna da su.

Da zan bar Jega na sake biyawa ta shagon nan don in yi wa mai shi sallama. Na tarar da wani tsoho ya jingine kekensa, ya miƙa wata ƙaramar waya mai maɓalli, ya ce a sa masa fim ɗin matar nan da ta harbe ɗanta da bindiga saboda ya sato ɗiyar mutane. Yaron shagon ya dube ni, bai gane ba. Na ce masa Mother India ake nufi. Ya bincika kwamfutarsa ya ce akwai, amma ba fassara. Tsohon ya ce, "Sa mini hakanan, ɗana. Wanga na san abin da suka cewa."